Maharban Kurege na Dazukan Amurka da Ƙaramar Bindigarsu

Kuregen da muka sani a ƙasar Hausa ɗan rami ne. Yana tonon gyaɗa a gona, da ya ji motsi sai ya ɗaga wutsiya ya zura a guje ya faɗa raminsa, yara su bi shi da karnuka da sanduna da hayaƙi. Na gabashin Amurka kuwa a sama yake rayuwa. A kan bishiya ake haihuwarsa, a can yake kwana, cikin kogon itace ko cikin sheƙar ganye da ya tara a mararrabar rassa. Iri biyu aka fi farauta: mai ruwan toka, wanda nauyinsa ke kaiwa wajen rabin kilo, da wani jaja-jaja da ya fi shi jiki, mai kusantar kilo guda. A kan wannan 'yar dabba aka gina sana'ar harbi mai ƙa'idojinta a jihohin Kentaki da Tenesi da Mizuri da Luwiziyana da maƙwabtansu, kuma rabin hirar masu ita a kan abu biyu take ƙarewa: wace bindiga, wane harsashi.

Asalin abin yunwa ce da ɓarnar gona. Lokacin da Turawa baƙi suka fara sare daji suna shuka masara, kurege ya zame musu annoba. A 1749 hukumar Fensilbaniya ta sa ladan kwabo uku a kan kowane kai, aka kawo mata wajen 640,000 cikin shekara guda, har baitulmali ya ji jiki. A 1807 jihar Ohayo ta yi doka cewa duk mai biyan haraji sai ya haɗa da fatun kan kurege. Naman kuma ba a zubar da shi. Iyalin da ke zaune a lungun duwatsun Afalashiya, ba kasuwa kusa, ba mahauci, da kurege suke ganin nama a miya mafi yawan ranaku.

Maƙeran Jamusawa da suka zauna a yankin Lankasta na Fensilbaniya a farkon shekarun 1700 su ne suka ƙera doguwar bindigar da ta yi suna daga baya da sunan Kentaki. Ta baki ake ɗura ta, albarushi sannan ƙwayar dalma a dunƙule cikin ƙyalle, a danna da sanda, yadda mafarautanmu ke yi da bindigar toka. Bambancin shi ne a cikin bututunta an yanka zane mai murɗewa, wanda ke sa ƙwayar ta fita tana juyi, ta tafi sak. Wadda ake warewa domin kurege ƙaramin baki gare ta, .32 ko .36 na inci, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: dalma da albarushi tsada gare su, daga nesa ake ɗauko su a bayan doki. Laba ɗaya ta dalma tana ba da ƙwaya wajen 150 ta bindiga mai bakin .32. Talaka ne ya zaɓi ƙaramin baki, kuma da yake harbi ɗaya gare shi kafin ya sake ɗuri, dole ya koyi saiti.

Ƙwarewar ta kai har ana ba da labarinta. Mai zanen tsuntsayen nan John James Audubon ya rubuta cewa ya ga wani gwanin maharbi, Daniel Boone, yana harbin ɓawon reshen da kurege ke kwance a kai, girgizar ta kashe dabbar ta faɗo ba rauni a jikinta, ko da yake masana tarihi suna shakkar ko mutanen biyu sun taɓa yin wannan fitar tare. Abin da ba a shakka a kansa shi ne na watan Satumba 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, da sojojin Kudu suka doshi birnin Sinsinati na jihar Ohayo. Gwamnan Ohayo David Tod ya yi kira, mutanen karkara fiye da 15,000 suka taho da bindigoginsu na gida, kuma sunan da ya bi su har cikin takardun sallamar da aka ba su shi ne maharban kurege.

Bindigar yau ta samo asali ne daga 1887, shekarar da kamfanin J. Stevens ya fito da harsashin da ake kira .22 Long Rifle, ko .22 LR a taƙaice. Kaurinsa milimita 5.6 ne, ƙwayar dalmarsa ta yau da kullum giram 2.6. Sinadarin da ke tayar da albarushi a cikin leɓen gindin kwanson aka shafa shi, allurar bindiga ta daki leɓen, wuta ta tashi. Wannan ƙira ce ta sa yake da arha, ko da yake ita ce kuma ta sa ba a sake ɗura kwanson in an harba. Ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa kaɗan ce, yaro ɗan shekara goma yana iya riƙe bindigar. Shekara fiye da 130 ke nan, ba a sami abin da ya ture shi daga dajin kurege ba.

Mai karatu zai ce me ya sa ba za a ɗauki babbar bindiga a huta ba. Saboda nama. Kusan duk abin da ake ci a jikin kurege cinyoyi biyu ne da hannuwa biyu da gadon baya. Harsashi mai ƙarfi in ya ratsa ƙirji ko ciki sai ya dagargaza kafaɗu, ya watsa kayan ciki a kan tsoka, a tashi da rabin abin da aka fito nema. Don haka gwanin sana'ar a kai yake harbi, kan kurege kuwa, wurin da ya kamata harsashi ya sauka, bai fi ƙwayar goro ba. Daga nisan yadi 30 ko 40 ake neman wannan ɗan wuri, dabbar tana can sama tsakanin ganye, ba ta zama wuri ɗaya. Duk wani zaɓi da maharbi zai yi na bindiga da madubi da harsashi, daga nan ya taso.

Akwai masu ɗaukar bindiga mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma, mai bakin .410 ko mai lamba 20, musamman a farkon lokaci da ganye ya rufe ko'ina kuma kurege na tsalle daga reshe zuwa reshe. Ban ga laifinsu ba, kusa da gidajen mutane ma ita ce ta fi aminci, don ƙwayoyinta ba sa nisa. Sai dai mai cin naman zai riƙa tsintar dalma da haƙori, kuma ƙara ɗaya tana sa daji ya yi tsit na tsawon lokaci.

A cikin masu harsashi ɗaya, iri uku ne suka cika hannun mutane. Akwai mai ɗura kanta, wadda da an ja kunama take tura sabon harsashi. Marlin Model 60 ta 1960 da Ruger 10/22 ta 1964, mai gidan harsashi goma, su ne sarakunan wannan layi, an sayar da miliyoyinsu. Akwai mai hannu a ƙasa da ake saukewa a mayar, irin Marlin 39A da na kamfanin Henry, waɗanda tsofaffi ke ƙauna. Sai mai sakata, wadda maharbi ke ɗaga hannun ƙarfe ya ja baya ya fitar da kwanso, ya tura gaba ya kulle. Kamfanin CZ na ƙasar Cek da Savage na Amurka sun yi suna a nan. In an tambaye ni, mai sakata zan nuna wa mai farawa. Tana kulle harsashi daram a mazauninsa, ba ta tsirfa a kan irin wanda aka sa mata, wankinta ba wuya, kuma ɗan jinkirin da ke tsakanin harbi da harbi yana hana mutum ɗabi'ar fesa harsashi sama yana fatan sa'a. Mai ɗura kanta ba ta da aibu a hannun wanda ya natsu, amma a hannun mai zumuɗi harbi na biyu da na uku kan fita kafin ya san inda na farko ya tafi.

Abin da sabon shiga ba ya kula da shi shi ne kunama. In tana da tauri, ko tana jan ƙafa kafin ta saki, hannu zai karkatar da bakin bindiga daidai lokacin da harsashi ke fita, kuma karkatar da ido ba ya gani a nan, a yadi 40 ta isa ta sa a kuskure kai ko, mafi muni, a fasa wa dabba muƙamuƙi ta gudu ta mutu a kogo. Gara bindiga mai sauƙin kuɗi mai kunama mai laushi da mai ƙyalli wadda sai an yi kokawa da ita. Madubin hange kuma ba ya bukatar girma. Mai ninka gani sau 4 ya wadatar, wasu na son wanda ake murzawa daga 3 zuwa 9 domin leƙa duhun rassa. Abin lura kawai shi ne a sayi wanda aka yi domin ƙaramar bindiga, wanda aka daidaita ganinsa a yadi 50, don na manyan bindigogin barewa a yadi 100 ko fiye aka daidaita su, kuma a kusa suna ruɗin ido in kunci bai zauna daidai a kan ƙota ba.

Yanzu ga inda sana'ar take, wato harsashi. Duk sunansu .22 LR, duk suna shiga bindiga ɗaya, amma ba halinsu ɗaya ba. Sauti yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa, ko kusa da haka. Harsashi mai gudun yau da kullum, da wanda aka yi musamman don kada ya kai gudun sauti, suna fita da mita 320 zuwa 330. Mai saurin gudu, irin Mini-Mag na kamfanin CCI, yana fita da wajen 380. Stinger, wanda kamfanin ya fitar a shekarun 1970 da ƙwaya mara nauyi, yana kai 500. A kanti mai saurin ne ke jan ido, tunda lambar da ke jikin kwalinsa ta fi girma. Amma duk harsashin da ya wuce gudun sauti yana yin wata ƙara mai tsagawa ban da ta bakin bindiga, kuma kafin ya yi nisa gudunsa zai ragu ya dawo ƙasa da na sauti, a wannan tsakanin yakan ɗan yi rawa. Wanda tun fitarsa bai kai gudun sauti ba bai san wannan matsala ba. Abin mamaki ma, iska ta fi tura mai saurin gefe fiye da mai tafiya a hankali, shi ya sa harsasan gasa na kamfanonin Eley na Ingila da Lapua na Finlan duk ƙasa da gudun sauti ake yin su. Ga maharbin kurege ribar biyu ce: saiti ya fi kyau, kuma ƙarar ba ta korar sauran. Sau da yawa akan harbo ɗaya, minti kaɗan na biyu ya ci gaba da cin abincinsa a bishiya ɗaya.

Sai batun kan ƙwayar, ko mai rami ko toshe. Mai rami yana buɗewa in ya shiga tsoka, ya kashe nan take, amma yana ɓata nama in ya sauka a kafaɗa. Toshe yana ratsawa ya bar ƙaramar kafa, nama lafiya, sai dai kuregen da aka sama a ciki yakan samu ƙarfin rarrafawa cikin kogo. Kurege dabba ce mai taurin rai da taurin fata. Ni a ganina mai rami mara gudun sauti shi ya haɗa alherin biyu, domin ko hannu ya ɗan kauce daga kai zuwa wuya ko ƙirji, dabbar ba za ta sha wahala ba.

Duk wannan bayani bai ɗauke wa mutum gwaji ba, domin bindigogi biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya suna iya bambanta a kan harsashin da suke so. Ga yadda masu abin ke yi. Mutum zai sayo ƙananan kwalaye masu harsashi 50 na kamfanoni huɗu ko biyar, ya sami safiyar da iska ta kwanta, ya kafa takarda a yadi 50 da tudun ƙasa a bayanta. Zai zauna ya ɗora bindiga a kan buhun yashi, ya harba biyar a ɗigo ɗaya, ya je ya auna tazarar ramukan da suka fi nisa da juna, ya rubuta sunan harsashin a gefe. In zai canza kamfani ba ya fara ƙirga nan da nan. Kowace ƙwaya da irin kakin da aka shafa mata, sai ya harba goma ko fiye a banza har bututun ya ɗauki sabon kakin, sannan ya koma kan takarda. A ƙarshe zai ga wani ya watsu faɗin tafin hannu, wani kuwa ramukansa biyar sun taru cikin inci guda, wani lokacin ma mai arhar ne ya yi hakan. Wanda ya ci, sai ya duba lambar rukunin da aka buga a kwalin, ya koma kanti ya sayi babban kwali mai 500 na wannan rukunin, ya daidaita madubinsa a kansa, ya daina canzawa.

Bayan haka sai sanin hanyar harsashin. Wanda aka daidaita a yadi 50, a yadi 100 ya faɗi da inci 6 zuwa 8, don haka mai hankali ba ya kai harbinsa can. A kusa sosai kuma, yadi 10 misali, ƙasa da inda aka saita yake sauka, tunda madubi yana saman bututu da inci ɗaya da rabi. In aka ɗaga baki sama sosai zuwa ƙololuwar bishiya, sai ya sauka sama kaɗan da inda aka nufa. Kuskuren kusa ya fi na nesa yawa a wannan farauta.

Akwai sababbin harsasai da ke neman kasuwar. Kamfanin Winchester ya fitar da .22 Magnum a 1959, kamfanin Hornady ya fitar da .17 HMR a 2002, mai 'yar ƙwaya giram 1.1 da ke fita da gudun mita 775 a daƙiƙa. Wannan na biyun yana tafiya a miƙe har yadi 100 da ɗoriya, kuma a hunturu, da ganye ya zube ana hango kurege daga nesa, yana da amfaninsa. Amma ƙararsa mai yawa ce, kuɗinsa ya ninka na .22 LR, in kuma ya sami gangar jiki sai dai a ɗauki wutsiya. Wanda bai tabbata zai sami kai kowane lokaci ba, bai kamata ya ɗauke shi ba. A Kalifoniya kuma tun 1 ga Yuli 2019 an hana farauta da harsashin dalma kwata-kwata, dole maharbi ya nemi na wani ƙarfen, ya sake gwajinsa daga farko.

Maganar da ta fi duk waɗannan nauyi ita ce inda harsashi zai sauka in ya kuskure. Wannan farauta ce da ake ɗaga bindiga sama, kuma a jikin kwalin .22 an rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan mil ɗaya da rabi, kusan kilomita biyu da rabi. Ƙanƙantarsa na sa mutane su raina shi, alhali yana kisa. Ƙa'idar da uba ke fara koya wa ɗansa ita ce ba a harbin kuregen da sararin sama ne kawai a bayansa. Sai a jira ya zo inda kututture ko babban reshe ya tare bayansa, ko a zagaya har a sami gangaren tudu a can baya. In bai samu ba, a bar shi ya tafi. Ba na ganin wanda ya kasa wannan haƙurin a matsayin maharbi, ko nawa ya kashe a kan bindiga.

Lokacin farautar yana buɗewa a watan Agusta a Kentaki da Tenesi, kuma doka ta ƙayyade abin da mutum zai ɗauka a rana: shida a Kentaki, goma a Tenesi. A wannan lokacin 'ya'yan bishiyar hikori suke nuna, kurege kuwa ba abin da yake so kamarsu. Maharbi yakan shiga daji kafin gari ya waye, ya sami hikorin da ɓawo ya zube a gindinta, sabo, da shaidar haƙori, ya jingina da wata bishiyar ya yi shiru. Da kunne ake fara gani. Za a ji ƙarar haƙori yana kankarar ƙwallo, sannan ɓarɓashin ɓawo yana zubowa ta cikin ganye, sannan reshe ya yi lilo alhali ba iska. Sai ya bi zubar ɓawon da ido har sama, ya jingina bindiga a jikin itace, don ba a harbin kai da hannu a sake, ya jira dabbar ta tsaya ta riƙe ƙwallo da hannu biyu. In ta faɗo ba ya tashi. Yakan lura da wurin, ya sake kulle sakata a hankali, ya ci gaba da saurare. In hunturu ya shiga sai salon ya canza, a fita da ƙananan karnukan duwatsu da aka horar, su bi sawu su tsaya gindin bishiya suna haushi, mutum ɗaya ya zagaya baya, kuregen ya juyo ɓangaren mai bindiga.

Fiɗa tun da ɗumi ake yin ta, don in jiki ya huce fatar kan manne. Ana yanka ƙarƙashin wutsiya a ratsa ƙashinta ba tare da an tsinke fatar baya ba, a ɗan faɗaɗa yankan zuwa kwiɓi, a taka wutsiyar da takalmi, a kama ƙafafun baya a ja sama. Fatar za ta zame har wuya a ja ɗaya, saura ɗan wandon da ya rage a cinyoyi a fizge shi. Gwani ba ya minti biyu. Ƙaramin kurege ana soya shi da garin alkama a yi masa romo, tsoho kuwa sai an daɗe ana dafawa, shi ya sa ya zama naman asali na faten burgu na Kentaki da miyar Brunswick. Wasu tsofaffi suna cin ƙwaƙwalwar, kuma su kam ba sa harbin kai, amma a 1997 wasu likitoci a Kentaki sun yi gargaɗi a mujallar Lancet cewa ana zargin alaƙa tsakanin cinta da wata mummunar cutar ƙwaƙwalwa. Ba a tabbatar da alaƙar ba, duk da haka da yawa sun bari.

Masu sana'ar sun ragu. Barewa da talotalon daji, waɗanda suka kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20, sun dawo da yawa, da taimakon dokar Pittman-Robertson ta 1937 wadda ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai domin kula da namun daji. Da manyan dabbobi suka samu, matasa suka koma kansu, har ana fara koya wa yaro harbi da barewa, abin da a da sai ya shekara yana bin kurege kafin a yarda ya gwada. A ganina an yi asarar makaranta mai kyau, don a dajin kurege ne yaro ke samun harbi da yawa, da kuskure mai arha, da zaman shiru. Amma ba ko'ina ta mutu ba. A garin Ville Platte na Luwiziyana ana rufe makarantu ranar Juma'ar da ke gaban buɗe farautar a farkon Oktoba, maza su watse cikin daji, a jihar Akanso kuma tun 2012 ake gasar dafa kurege.

Ko wutsiyar tana da kasuwa. Kamfanin Mepps da ke garin Antigo a Wiskonsin, mai yin ƙugiyoyin kamun kifi, ya gwada gashin dabbobi iri-iri a jikin ƙugiyoyinsa bai sami wanda ke motsi a ruwa yadda na wutsiyar kurege ke yi ba, don haka shekara da shekaru yana saye daga maharba. Ana barin ƙashin a ciki, a barbaɗa gishiri a gindin, a shanya ta a miƙe, a tara a aika. 'Yan sentoci ake biya a kan kowace, in kuma mutum ya yarda a ba shi ƙugiyoyi maimakon kuɗi sai a ninka masa. Kamfanin ya ce wutsiyar kuregen da aka harba domin ci kawai yake nema.